Da me ya kamata ƙaramar hukuma ta fara a sha'anin shara a Zariya?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Tudun Wadan Zariya. Kansilanmu ya nemi mu rubuto masa abin da muke so a sa a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma game da tsaftar unguwa, sai kanmu ya rabu. Wasu na son a ɗauki masu sharar titi, wasu na son a sayo kwandunan zuba shara da sabuwar mota, wasu kuma sun ce a dawo da tara da kotun tafi-da-gidanka. Wanne ya kamata ya zo farko?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya. Na daɗe ina aikin duba-gari kafin in ajiye aiki, kuma gaskiyar magana ita ce babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da zan sa a sahun farko. Abin da zan fara nema shi ne kuɗin kwashe shara daga matattarar unguwa zuwa bayan gari a ranakun da aka tsayar ba tare da fashi ba, sai kuma yashe magudanan ruwa kafin damina ta sauka. Sharar titi da kwanduna da tara duk suna da ranarsu, amma amfaninsu ya rataya ne a kan kwashewar nan, domin tsintsiya ba ta kawar da shara daga gari, matsar da ita kawai take yi daga ƙofar wani zuwa ƙofar wani.

Ku sani tun farko cewa ba alfarma kuke roƙo ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa zubar da shara da ƙazantar ruwa, da gina magudanai da kula da su, da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da ban-ɗakunan jama'a, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ita ma gwamnatin jiha tana da hannu a harkar ta hanyar hukumar kare muhalli ta KEPA, don haka tambayar farko da za ku yi wa kansila ita ce wace matattara ce ke hannun jiha, wace ce kuma ke hannun ƙaramar hukuma, kuma ku nemi amsar a rubuce. Bolar da ba a san mai ita ba ita ce ke zama tsauni, don kowa zai ce ya ɗauka ɗayan ne zai kwashe.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin shi ne ke nuna inda nauyin yake. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum sama da dubu 400, ta Sabon Gari kuma tana da kusan dubu 290, wato idan aka haɗa su ana maganar kusan mutum dubu 700, kuma duk wanda ya san yadda gine-gine suka mamaye gonakin gefen gari tun daga wancan lokaci ya san adadin ya wuce haka nesa. Bankin Duniya, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da shara kilo 0.46 a rana, wato kusan rabin kilo. Ko da tsohon adadin aka yi aiki, ana maganar sama da tan 300 kowace rana ta Allah. Idan tifa ɗaya tana ɗaukar tan 7, ana bukatar sawu fiye da 40 a kullum kafin a ce an yi kunnen doki da abin da gidaje da kasuwanni ke fitarwa, ban da tsohuwar bolar da ta shekara tana jiran a zo. Masu shara goma da tsintsiya a kan babban titi ba su taɓa ko gefen wannan nauyi ba, kuma shi ya sa na ce kowace naira ta farko ta tafi ga mai da gyaran mota da ladan leburori.

Na nace a kan ranakun da aka tsayar saboda dalilai biyu, ɗaya na lafiya, ɗaya na halin ɗan Adam. A lokacin zafi, daga ranar da ƙuda ya yi ƙwai zuwa ranar da sabon ƙuda zai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba, saboda haka duk matattarar da ta yi mako guda ba a taɓa ta ba ta riga ta zama wurin kiwon ƙudaje, ga kuma ɓeraye, waɗanda wani nau'insu ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Sau biyu a mako shi ne mafi ƙarancin abin da zan amince da shi a cikin unguwa. Na biyun kuwa, ku tsaya da hantsi kusa da kowace kwantenar shara da ta cika ku ga abin da ke faruwa. Yawanci ba magidanci ne ke kawo shara ba, yarinya ce 'yar shekara takwas ko tara da tsohon bokitin fenti a ka. Ba za ta taka ruɓaɓɓen abin da ya zube a gindin kwantenar ba, kuma ko ta taka tsayinta bai kai bakin ƙarfen ba, sai ta juye daga nesa. Wanda ya zo bayanta zai juye daga bayan nata, kafin mako biyu bolar ta cinye rabin titi, kwantenar tana tsakiya kamar tsibiri. Daga nan wani maƙwabci da wari ya ishe shi zai cinna mata wuta da magariba, hayaƙin leda da roba ya shiga ɗakunan masu asma da jarirai, zafin wutar kuma ya cinye fentin ƙarfen, tsatsa ta huda gindinsa a damina ɗaya. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna a cikin mutanen nan, motar ce ba ta zo ba. A inda na ga mota tana zuwa Litinin da Alhamis ba fashi, cikin wata guda mata da kansu suka fara ajiye shararsu a buhu suna jiran ranar.

Game da sabuwar mota, ina da abin da na gani da idona. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki an taɓa kawo mana babbar motar matse shara, aka yi taro da rumfa da jawabai, aka yanka kirtani. Ba ta kai damina biyu ba ta kwanta a harabar ofis, tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, alhali tsofaffin tifofi biyu da muke da su suna jiran kuɗin taya da batir da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ba. Irin wannan mota an ƙera ta ne don sharar Turai, mai yawan takarda da kwali, wadda ke da girma amma ba ta da nauyi. Tamu sharar kuwa, ku zazzage buhu ɗaya ku duba: ƙasar da aka sharo daga tsakar gida, tokar murhu, kashin awaki da tumaki, ɓawon rake da totuwar masara, sai leda da famfas ɗin yara a sama. Ƙasa da toka ba sa matsuwa, sai dai su cinye na'urar matsewar, kayan gyaranta kuma ba a samun su a wurin bakanikenmu. Tifa da motar loda ƙasa da shebur su ne daidai da mu. Idan har za a saya, a sayi abin da bakaniken Zariya zai iya kwancewa ya ɗaura, kuma a ware kuɗin dizal da gyara a layinsa daban a cikin kasafi, don kada ya narke a cikin wani abu.

Sai dai tifa ba ta shiga lungu, kuma a nan ne tsari ɗaya ba zai yi wa Zariya duka ba. Sabon Gari da babban ɓangaren Tudun Wada an yanka su ne layi-layi tun zamanin Turawa, mota tana iya ratsa yawancinsu. Cikin birni kuwa, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, akwai lungunan da babur biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya rakuɓe. Samaru tana da nata hali, domin sharar ɗalibai ta fi yawan leda da robar lemo da kwalin abinci, kuma tana ƙaruwa ko raguwa da buɗewa da rufewar Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya haɗa su duka shi ne yaran nan masu baro da ke bi gida-gida ana ba su ɗan abin da ya samu. Su ne ainihin ma'aikatan sharar garin nan, ko da yake babu sunansu a takardar albashin kowa. Laifin da ake ɗora musu shi ne suna juyewa a kwata ko a kango idan dare ya yi, to amma ina aka nuna musu su kai? Shawarata a yi musu rajista a wurin mai unguwa, a raba musu layuka, a ba su safar hannu da takalman roba, a tsayar da abin da gida zai biya, a kuma nuna musu matattarar da ba ta fi ƙarfin mai tura baro ba. Inda tazarar ta yi yawa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya yana cike giɓin. A kuma tsaya a kan cewa manya ne za su yi aikin, domin allurar da aka jefo daga ƙaramin kemis ba ta san almajiri ɗan shekara goma ba.

Yanzu ga maganar magudanai, wadda a ganina ta fi kowace gaggawa a Tudun Wada. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Satumba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Duk tsawon rani iskar hunturu tana kwaso ledar fiya wata da baƙar leda tana cusa su a lambatu, ƙasa tana bi tana dannewa, har su zama kamar daɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka watan Maris da Afrilu ne lokacin yasa, kuma kuɗin ya kamata ya fito tun Fabrairu. Kuskuren da na fi gani, har a aikin gayyar da matasa ke yi da kyakkyawar niyya, shi ne a fito da baƙin taɓo a jera shi tsibi-tsibi a bakin kwatar, a ɗauki hoto, a watse. Kwana uku ya bushe, awaki da tayoyin babura su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Yasar da babu tifa a bayanta cikin kwana biyu wahalar banza ce. Kuskure na biyu shi ne farawa daga sama. Ana fara yasa ne daga inda ruwan ke fita, a buɗe kwalbatoci da bakin babban magudani, sannan a riƙa hawowa, in ba haka ba kun gyara layinku ne kun tura ambaliya gidajen da ke gangare.

A nan zan ɗan gyara wata magana da ake yawan yi. Sauron da ke hayayyafa a baƙin ruwan kwata mai wari yawanci ba shi ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba, shi dai ya hana barci ne. Mai kawo zazzaɓin ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu, irin wanda ke kwanciya a kan hanya da filaye bayan toshewar kwata ta sa ruwan sama ya yi ambaliya. Wato toshewar tana ciyar da su duka biyun, kowa ta hanyarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rijiya. Gidaje da yawa a garin nan har yau da rijiyar tsakar gida suke sha ko suke wanke-wanke, kuma sau da yawa tazararta da masai ba ta taka kara ta karya ba. Idan ruwan kwata ya hau ya shiga gida, ya haɗa masai da rijiya ke nan. A shekarar 2021 an samu sama da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne abin ya fi shafa. Abin da ya tsere daga kwata kuma ƙoramar Kubanni yake nufa, ita kuwa ba ta san iyakar ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari ba, ga masu lambu a gefenta suna ban-ruwan latas da alayyafon da za su dawo kasuwa, kafin ta zuba a kogin Galma. Saboda haka ku roƙi kansila ya nemi a haɗa jadawalin yasa da na maƙwabta.

Kasuwa da mahauta da tashar mota su ne wuraren da ba a yi musu sau biyu a mako, kullum ne. Ruɓaɓɓen tumatir da kayan cikin dabba ba sa jiran Alhamis. Kuma a nan hujjarku ta fi ƙarfi, domin a waɗannan wurare ne ake yankar rasit kowace rana, ya kamata wani sanannen kaso na abin da aka karɓa ya tsaya a wurin don kwashe shara da gyaran ban-ɗaki. Ɗan kasuwar da ya ga inda kuɗinsa ke tafiya ba ya gardamar biya. A tanadi ƙarin sawu a makon Babbar Sallah da lokacin kakar rake da mangwaro.

Tambayar da ba ku yi ba, amma dole a yi ta, ita ce ina tifar za ta juye. Tsofaffin kududdufan birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako. Cike su da shara yana da sauƙi kuma ba ya cin mai, amma ruwan da suke riƙewa sai ya nemi wani wuri, ruwan bolar kuma ya tsiyaya zuwa rijiyoyin kewaye, daga baya wani ya yanka filin ya yi gini a kan ƙasar da ba ta gama zama ba. Haka ma jingina bola da abin da ya rage na ganuwa abin kunya ne ga garin da ke alfahari da ƙofofinsa. Ana bukatar keɓaɓɓen juji nesa da gidaje da rafi, mai hanyar da tifa za ta iya bi a watan Agusta ba ta kafe ba, ana baje sharar ana rufe ta da ƙasa. Muna da wata dama kuma da biranen Turai ba su da ita. Manoman kewayen Zariya sun daɗe suna ɗibar takin bola da rani, da can a mangalar jaki, yanzu a tifa, domin toka da kashin dabbobi abinci ne ga gona. Leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura ne suka ɓata wannan ciniki, kuma kowane mahauci zai gaya muku irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin saniya. Idan aka ware fili a juji inda za a tsince leda a tankaɗe takin, aka kuma ba 'yan jari-bola wuri su ɗebi ƙarfe da roba cikin tsari, abin da zai rage a binne zai ragu ƙwarai, manomi kuma shi zai biya kuɗin ɗaukar nasa.

Masu sharar titi a ajiye su ga gaban kasuwa da tasha da manyan mahaɗar hanyoyi, inda babu wani mai gida da za a ce ƙofarsa ce. A cikin unguwa matan gida da masu shaguna sun riga sun share ƙofarsu tun da asuba. Share babban titi alhali lungun bayansa na ruɓewa kitso ne da ƙwarƙwata. Ƙananan kwanduna kuwa suna aiki ne kawai inda akwai mai juye su kullum.

Tara ita ce ta ƙarshe, ba don ba ta da muhimmanci ba. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda idan aka hango shi mata ke rugawa su wanke randa, wasu kuma suna tuna tsaftar ƙarshen wata da aka faro a mulkin soja na tsakiyar shekarun 1980. Tsoro ya yi aiki a lokacin, amma ni na sha tsayawa a ranar tsafta ina kallon jama'a sun fito da sharar wata guda sun tara a bakin titi bisa umarni, motar da za ta kwashe ba ta zo ba sai bayan kwana goma. Ba adalci ba ne a ci tarar mutum don ya zuba shara a kwata alhali ba a nuna masa inda zai zuba ba, kuma jami'in da aka tura ya yi hakan ba zai daɗe ba zai koma karɓar na goro. Idan matattara ta samu, mota tana zuwa, to a sanar ta bakin mai unguwa da limamai da masu coci, a ba da wa'adin wata guda, sannan a fara da manya: mai gini da ya juye yashi a kan kwata, mai shagon da ya rufe lambatu da kankare ba ramin dubawa, mai gidan da ya sako bututun masai cikin magudani, mai kemis da ke haɗa allura da sharar gida. Kowace tara da rasit, kuma a liƙa adadinta a fili.

Takardar da za ku kai wa kansila kada ta wuce shafi biyu. Ku zaga da ƙafa ku ƙirga bololin unguwar, ku rubuta sunan layin da kowace take, ku nuna guda nawa kuke so su zama matattara ta dindindin da waɗanda kuke so a kwashe a rufe, ku lissafa kwalbatocin da suka toshe daga gangare zuwa sama. Ku nemi ranakun zuwan mota da sunan ofishin da za a tuntuɓa idan ba ta zo ba, da watan da za a saki kuɗin yasa. Sannan ku sayi littafi mai arha ku ajiye a shagon da ke kallon kowace matattara, mai shagon ya riƙa rubuta ranar da mota ta zo da sawu nawa ta yi, direba ya sa hannu. Bayan wata uku ku ɗauki littattafan ku koma wurin kansila da su, ku kuma kai kwafi ga mai unguwa.